Hutun dusar ƙanƙara a ƙasar da ba ka jin yarenta: Abin da ya kamata matafiyi ya sani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da asuba a watan Janairu zai tarar da Kazaure lulluɓe da hazo. Duwatsun gefen gari sun ɓuya cikin ƙura, jama'a sun kewaye wutar mai shayi, 'yan acaɓa sun naɗe fuska sai idanu kawai ake gani. Haka lamarin yake a Roni da Gwiwa, da kuma Babura inda iskar hunturu ke kwararowa daga ɓangaren Nijar. A irin waɗannan darare ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 10, kuma nan ne iyakar sanyin da yawancinmu muka sani.

A cikin waɗannan watanni ne kuma wasu 'yan kasuwarmu ke Santambul suna sarin tufafi a unguwannin Laleli da Osmanbey, wasu ma'aikatan gwamnati kuma suna hutun shekara ko halartar kwas a ƙasashen waje. Ba wuya wani ya ba da shawarar a ƙara kwana biyu ko uku, a hau dutse a ga dusar ƙanƙara, a gwada wasan zamiya da ake gani a talabijin. Tambayar da ke biyo baya ita ce: mutumin da Hausa da Turanci kawai yake ji, wataƙila da ɗan Larabcin makarantar Islamiyya, zai iya wannan tafiya?

Zai iya. Sai dai rashin jin yare ba nauyi ɗaya yake da shi a ko'ina ba. Akwai wuraren da nuni da yatsa ya wadatar, kamar otel da gidan abinci da tashar mota. Akwai kuma wuraren da kalma ɗaya da ba a fahimta ba kan jawo karaya, ko bashin asibiti, ko abin da ya fi haka. Aikin matafiyi shi ne ya bambance waɗannan wurare tun kafin ya sayi tikiti.

Babu zango a kan dutse

Bahaushe ya daɗe yana shiga ƙasashen da ba ya jin yarensu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sarin goro, da alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa, ba su koyi kowane yare na hanya ba. Tsari suka dogara da shi: madugu da ya san hanya, mai masauki da ya san gari, dillali ko tafinta da ke tsayawa tsakanin baƙo da 'yan ƙasa. Har gobe mutumin Babura da ya ƙetara zuwa Magarya ko Damagaram da Hausarsa yake ciniki, Faransanci sai a takardun hukuma. A zangon Kumasi, a Jidda, a Makka, da wuya ka rasa wanda zai amsa maka sallama da harshenka.

Wannan gata kan sa mu ɗauka cewa ko'ina haka ne. Amma garuruwan wasan zamiya ƙananan wurare ne a saman duwatsu, nesa da unguwannin da 'yan Afirka ke taruwa. Babu zango, babu mai masauki ɗan gida. Matasan da ke karɓar baƙi a manyan otel kan ji Turanci, amma direban motar da ke hawa dutse, da mai kula da kujerun igiya, da ma'aikacin ceto da zai fara isowa inda ka faɗi, ba lallai ba ne su ji. Saboda haka dole matafiyi ya gina wa kansa abin da fatake suka gada: jagora, da 'yan kalmomi, da takardu a rubuce.

Zaɓen ƙasa: fara da haruffa

Abu na farko da za a duba shi ne ko za ka iya karanta allon sanarwa, ko da ba ka san ma'anarsa ba. Wanda ya iya karanta kalma zai iya nemanta a waya, ya kuma iya furta ta ga wani. A Jojiya, inda Gudauri take, suna da haruffansu na kansu. A Kazakistan haruffan Rasha aka fi amfani da su. A irin waɗannan ƙasashe, da zarar an bar alluna masu Turanci na wuraren yawon buɗe ido, baƙo ya koma makaho ko da idonsa.

Turkiyya ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin tun 1928 take rubutu da haruffan boko. Dutsen Uludag, mai tsawon mita 2,543, yana saman birnin Bursa, tafiyar 'yan sa'o'i daga Santambul. Akwai Erciyes kusa da Kayseri, da Palandoken a Erzurum, birnin da ya karɓi gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011. Kunnen Bahaushe ma zai tsinci kalmomin da harsunan biyu suka aro daga Larabci: suna cewa "saat" inda muke cewa sa'a, "hesap" inda muke cewa hisabi, "sabun" inda muke cewa sabulu, "haber" inda muke cewa labari.

Maroko kuwa a nahiyarmu take. Oukaimeden, a tsaunukan Atlas, ba ta kai kilomita 100 daga Marrakesh ba, kuma tana sama da mita 2,600. Garin Ifrane shi ke riƙe da tarihin sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Afirka, wato digiri 23.9 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1935. Alluna a can na Larabci ne da Faransanci, wani lokaci da haruffan Barbarawa. Larabcin titi na Maroko ya yi nisa da na littafi, amma wanda ya yi magana da Larabcin makaranta a hankali yawanci za a fahimce shi. Matsalar ita ce dusar ba ta da tabbas, musamman a shekarun fari na baya-bayan nan, don haka sai an bincika kafin a tashi.

Wanda ba ya son fuskantar matsalar yare gaba ɗaya yana da zaɓi biyu. Afriski a Lesoto tana aiki daga Yuni zuwa Agusta, lokacin hunturun kudancin duniya, kuma Turanci harshen hukuma ne a ƙasar. Sai Ski Dubai, wadda aka buɗe a 2005 a cikin cibiyar kasuwanci ta Mall of the Emirates, inda ake yin dusar da na'ura a ƙarƙashin rufi. Awa biyu a can sun isa mutum ya gane ko jikinsa da zuciyarsa za su ɗauki dutse na gaske.

Inda lamba ta fi baki

Baƙo ba ya sayen kayan zamiya, haya yake yi: takalma masu tauri, allunan zamiya biyu, sanduna, da hular kwano. A shagon haya ba hira ake buƙata ba, lambobi ake buƙata. Ma'aikacin zai so ya san nauyinka da kilo, tsayinka da santimita, shekarunka, tsawon ƙafarka da santimita, da kuma ko ka taɓa yin wasan. Da waɗannan yake saita maƙallin da ke riƙe takalmi a jikin allo. An ƙera maƙallin ne don ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi. In an ɗaure shi fiye da kima ba zai saki ba, sai gwiwa ta murɗe ko ƙashi ya karye. In an sassauta fiye da kima, allon ya fice ana tsakiyar gangara.

Saboda haka a rubuta waɗannan lambobi a takarda tun daga gida, a miƙa wa mai shago. Kuma a nan ne ake buƙatar ajiye girman kai. Ɗan kasuwa ya saba da cewa nuna rashin sani a gaban mai kaya asara ne, amma a wannan shago akasin haka ne. Wanda ya gyaɗa kai don kada a raina shi, alhali tambayarsa ake ko ya ƙware, ya sa hannu a kan raunin kansa. Kalmar da za a riƙe ita ce ta sabon shiga: "acemi" a Turkanci, wadda ake furtawa "ajemi", ko "débutant" a Faransanci.

Yaren dutse launi ne

Sa'ar baƙo ita ce muhimman saƙonnin kan dutse da launi da alama ake ba da su. A yawancin ƙasashen Turai da Turkiyya, hanyar zamiya mai alamar kore ta 'yan koyo ce, shuɗi mai sauƙi ce, ja ta masu matsakaicin ƙwarewa ce, baƙi kuma ta gwanaye. A Ostiriya da Siwizalan sau da yawa daga shuɗi ake farawa. A Amurka da Kanada tsarin ya ɗan bambanta: da'ira kore, murabba'i shuɗi, sannan baƙin lu'ulu'u. Kafin a hau kowace kujerar igiya, a duba taswira a tabbatar akwai hanya kore ko shuɗi da ke saukowa daga inda za ta ajiye mutum. Masu koyo da dama kan tsinci kansu a ƙololuwa, babu hanyar sauka sai ja ko baƙa, don kawai sun bi layin da suka ga jama'a sun bi.

Akwai kuma ma'aunin haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara, wanda ƙasashen Turai suka daidaita tun 1993, daga 1 zuwa 5. Lamba 1 haɗari kaɗan ne, 5 mafi tsanani. Ana lura da hanyoyin da aka shata, amma abin da ke bayan igiya ko raga ba a ba da tabbacinsa. Igiyar da aka gitta a hanya tana nufin an rufe, ko da ka ga sawun wasu a bayanta.

Hukumar wasan zamiya ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji 10 na ladabin hanya, kuma kotuna a Turai kan duba su idan an yi karo. Uku daga ciki sun fi shafar baƙo. Wanda ke gabanka a ƙasa shi ke da haƙƙin hanya, kai da ke bayansa kai za ka kauce masa. Ba a tsayawa a wuri mai ƙunci ko bayan tudu inda masu gangarowa ba sa hango mutum, ko da don ɗaukar hoto ne. Idan kuma an yi haɗari, wajibi ne a taimaka, kuma duk wanda abin ya shafa ko ya gani ya ba da sunansa. Alluna biyu da aka kafa a gicciye a cikin dusa alama ce cewa akwai wanda ya ji rauni a ƙasansu.

Kalmomin da ba a barinsu ga waya

Ba a koyon yare cikin mako guda, amma ana iya haddace kalmomi kaɗan a cikin jirgi. A Turkiyya: "dikkat" a yi hattara, "tehlike" haɗari, "kapalı" a rufe, "yasak" an hana, "imdat" a kawo agaji, "yangın" gobara, "çıkış" mafita, wadda ake furtawa kusan "cikish". A Faransa da Maroko: "fermé" a rufe, "interdit" an hana, "sortie" mafita, "au secours" a kawo agaji.

Mafita da gobara ba su shiga wannan jeri a banza ba. A ranar 21 ga Janairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otel da ke wurin zamiya na Kartalkaya a Turkiyya, mutum 78 suka rasu. Darasin ga kowane baƙo shi ne, daren farko kafin ya kwanta, ya taka da ƙafarsa daga ƙofar ɗakinsa zuwa matattakalar gaggawa, ya ƙirga ƙofofin da ke tsakani.

Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya ita ce 112, irin wadda muke da ita a Najeriya. A Maroko 15 ce ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana, 19 ta 'yan sanda, 177 ta jandarmomi da ke kula da wajen birane. Wuraren zamiya kuma suna da lambar masu cetonsu, wadda galibi ake bugawa a jikin taswira. Mai kira ba ya buƙatar dogon bayani: sunan hanyar, da lambar sandar alama mafi kusa, da adadin waɗanda suka ji rauni.

Tafinta mai jin sanyi

Manhajar Google Translate tana da Hausa tun 2013, kuma kyamarar waya na iya karanta allo ko jerin abinci. Amma akwai abubuwa uku da za a sani. Na farko, intanet kan yanke a kan dutse, don haka a sauke yaren ƙasar cikin waya tun ana otel. Na biyu, fassara daga Turanci zuwa Turkanci ko Faransanci ta fi inganci a kan fassara daga Hausa, kuma gajeruwar jimla ta fi doguwa. Na uku, sanyi yana kashe batir. Wayar da ke nuna rabin caji na iya mutuwa cikin mintoci idan aka riƙe ta a iska mai digiri 10 ƙasa da sifili. A ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, a riƙe batirin ko-ta-kwana.

Abin da ba ya mutuwa shi ne takarda. A roƙi ma'aikacin otel ya rubuta a kati, da yaren ƙasar, sunanka da sunan otel, da rukunin jininka, da cutar da kake fama da ita, da magungunan da kake sha, da lambar inshora, da lambar wanda za a kira. A sa katin a aljihun rigar sama. Idan mutum ya suma, katin ne zai yi magana a madadinsa.

Takardar da ake sa wa hannu ba a karanta ba

Mai neman bizar ƙasashen Shengen zai biya Yuro 90, kuma dole ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Mutane da yawa kan ɗauka wannan ta rufe komai. Sau da yawa inshorar tafiya ta gama-gari tana cire wasannin hunturu, sai an nemi a ƙara su an biya daban. A Faransa, saukar da wanda ya ji rauni daga hanyar zamiya kuɗi ake biya, kuma idan jirgi mai saukar ungulu ya shiga, lissafin kan yi nauyi ƙwarai. A Italiya tun Janairun 2022 doka ta wajabta wa mai zamiya inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Hanya mafi aminci ita ce a kammala maganar inshora a Najeriya, cikin harshen da ake ji, a ga kalmar wasannin hunturu da ceto a kan dutse a rubuce. Haka takardar hayar kaya: a tambayi abin da za a biya idan allo ya karye ko aka sace shi, a ɗauki hoton takardar.

Sanyin da ba na hunturu ba

Ƙasar Kazaure, kamar Kano, ba ta yi nisa da mita 500 daga doron teku ba. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi, iskar shaƙa kuma ta ƙara siranta. Daga wajen mita 2,500 wasu kan fara ciwon kai da jiri da amai da rashin barci. Maganinsa a huta a rana ta farko, a sha ruwa da yawa, in ya tsananta a sauko ƙasa.

Ga mu 'yan Najeriya akwai gargaɗi na musamman. Sanyi da ƙarancin iska da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon sikila. Mai wannan cuta kada ya yi tafiyar sai da amincewar likitansa, kuma ko mai rukunin AS ya kamata ya faɗa wa likita tsawon dutsen da zai hau. Haka masu hawan jini da ciwon zuciya da asma.

Babbar riga da rawani ba sa maganin wannan sanyi. Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai tsotse gumi wadda ba auduga ba, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, sannan safar hannu da tabarau, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, abin da ke iya ƙona ido. Yatsan da ya daina jin taɓi ya fara daskarewa, kuma a baƙar fata ba a saurin ganin canjin launi, don haka ji za a bi, ba gani ba.

Wata al'ada tamu kuma dole a bar ta a gida, wato shigar da kaskon garwashi ɗaki. Ɗakunan ƙasashen sanyi a toshe suke ruf, hayaƙi marar launi marar wari kan taru ya kashe mai barci. A Disambar 2024 an tsinci gawar mutum 12 a ɗakunan kwana na wani gidan abinci a Gudauri, 11 daga cikinsu 'yan Indiya, kuma hukumomi sun danganta lamarin da hayaƙin janareta da aka kunna a cikin gini.

Abinci da ibada

A Turkiyya da Maroko samun abincin halal da wurin salla ba wahala ba ne. A tsaunukan Turai naman alade da giya suna shiga girki da yawa, har da miya da narkakken cuku. A riƙe kalmar alade: "porc" a Faransanci, "Schwein" a Jamusanci, "maiale" a Italiyanci. Yini gajere ne a hunturun can, Azahar da La'asar da Magariba suna matsowa kusa da juna, kuma cire takalmin zamiya don alwala aiki ne. Yana da kyau a tambayi malami hukuncin kasaru da shafa a kan huffi kafin a tashi.

Madugu uban tafiya

Najeriya ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a fagen ƙanƙara. 'Yan wasanta mata sun halarci gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018, kuma Samuel Ikpefan ya wakilce ta a tseren zamiya a Beijin a 2022. Sai dai waɗannan horo suka yi na shekaru. Mai kwana uku abin da ya fi masa amfani shi ne malami mai lasisi daga makarantar zamiya ta wurin, wanda aka yi magana da shi tun kafin zuwa, aka kuma tabbatar yana jin Turanci ko Larabci. Shi zai koya maka yadda ake tsayawa da yadda ake faɗuwa ba tare da rauni ba, ya zaɓa maka hanya, ya karanta maka allo, ya yi magana da masu ceto idan ta ɓaci. A guji masu tare baƙi a bakin hanya suna tayin koyarwa da araha.

In kuɗi bai kai ga malami da inshora ba, to bai kai ga zamiya ba. Mutum na iya hawa motar igiya, ya taka dusa, ya sha shayi, ya ɗauki hotonsa, ya sauko lafiya. Wanda kuma ya shirya, da katinsa a aljihu, da kalmominsa a ka, da jagora a gabansa, zai iya komawa Kazaure ko Babura kafin hazon hunturu ya washe, da labarin da zai bayar a teburin mai shayi da ƙafafunsa biyu lafiya lau.